Tarihin Keken Guragu: Daga Kujerar Sarki Zuwa Na'ura Mai Gani

Keken guragu kujera ce mai tayoyi da aka yi domin mutumin da ba ya iya tafiya da ƙafafunsa, ko wanda tafiyar ke yi masa wuya saboda shan inna, ko rauni a laka, ko shanyewar ɓarin jiki, ko yanke ƙafa, ko tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 80, wato kimanin kashi 1 cikin 100 na al'ummar duniya, suna bukatarsa. A yau akwai na hannu, akwai na lantarki, akwai kuma wanda aka haɗa wa kwamfuta da na'urorin gani har yana iya kauce wa cikas da kansa. Tsakanin kujerun farko na Turai da wannan na baya-bayan nan akwai shekara fiye da 400, kuma kowane babban sauyi da aka samu a tsawon lokacin ya shafi abu guda ne, wato wanda ke da ikon tafiyar: mai turawa ko mai zama.

Kujerun farko

Taya da kujera duk tsofaffin abubuwa ne, amma an daɗe kafin a haɗa su domin amfanin marar lafiya. Masu tarihi kan kawo wani zane da aka sassaƙa a jikin dutse a ƙasar Sin a ƙarni na 6 a matsayin ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan kujera mai tayoyi. A Turai kuwa, wadda labarinta ya fi shahara ita ce ta Sarki Philip na Biyu na Sifaniya, wadda aka yi masa a wajajen 1595 lokacin da ciwon gaɓoɓi ya hana shi sakat. Tana da majingina da ake iya kwantarwa, da wurin miƙe ƙafa, da ƙananan tayoyi a ƙarƙashi. Sarkin bai iya motsa ta da kansa, sai barori sun tura.

Mutum na farko da aka sani ya yi keken da mai zama zai tuƙa da kansa shi ne Stephan Farffler, wani mai sana'ar agogo a yankin Nuremberg na ƙasar Jamus, wanda ƙafafunsa ba sa aiki. A 1655, yana ɗan shekara 22, ya ƙera keke mai tayoyi uku. Ya sa masa mariƙi da ake juyawa da hannu, sannan giya mai haƙora irin ta cikin agogo ta kai ƙarfin zuwa tayar gaba. Dabarar ba ta yaɗu a zamaninsa ba, amma ita ce tushen keken hannu mai tayoyi uku da ake gani har yau.

Abin da ya yaɗu shi ne kujerar garin Bath na Ingila, inda masu hali ke zuwa wanka a maɓuɓɓugan ruwan zafi domin neman lafiya. A 1783 John Dawson ya fito da samfurin da ya mamaye kasuwa: manyan tayoyi biyu a baya, ƙarama ɗaya a gaba, da dogon mariƙi wanda mai zama ke karkatar da ita da shi. Nauyinta ya sa dole wani ya tura, ko jaki ko ƙaramin doki ya ja. Mai zama ya sami ikon zaɓar hanya, ƙarfin tafiyar kuwa yana hannun wani.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya bar dubban sojoji da yankakkun ƙafafu, bukatar keke ta ƙaru ƙwarai. Kekunan wannan zamani na katako ne, masu manyan tayoyi da hannu ke iya kaiwa. Daga baya masana'antar kekunan hawa ta ba da gudummawarta: tayar roba da siraran wayoyin ƙarfe suka maye gurbin tayar katako. A wajajen 1881 aka fara liƙa wani ƙaramin zobe a gefen kowace babbar taya, domin mai zama ya riƙa tura zoben maimakon ya dafa tayar da ta taka ƙasa. Duk da haka keken ya ci gaba da zama kayan cikin gida da asibiti, ga nauyi, ga faɗi, ba ya kuma shiga mota. Jama'a ma kallon alamar rashin lafiya suke yi masa. Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1921 kuma ya shugabanci Amurka daga 1933 zuwa 1945, ya yi iya ƙoƙarinsa kada a ɗauke shi hoto a kan keke, shi ya sa hotunansa a kai 'yan kaɗan ne.

Keken da ake naɗewa

A farkon shekarun 1930, a birnin Los Angeles, wasu injiniyoyi biyu suka sauya siffar keken baki ɗaya. Herbert Everest injiniyan haƙar ma'adinai ne da ya karye a baya a wani hatsarin wurin aiki, Harry Jennings kuma abokinsa ne masanin injuna. Bukatar Everest ita ce keken da zai iya jefawa a mota ya tafi harkokinsa. Suka yi amfani da bututun ƙarfe maimakon katako, suka haɗa ɓangaren dama da na hagu da sanduna biyu da suka gitta juna a ƙarƙashin mazauni, mazaunin kuma suka yi shi da ƙyalle mai ƙarfi. Da an ɗaga tsakiyar mazaunin sai keken ya haɗe ya zama siriri. Sun sami takardar mallakar fasahar a 1937, kuma kamfaninsu, Everest & Jennings, ya riƙe kasuwar Amurka shekaru da dama, har sai da gwamnati ta kai shi kotu a ƙarshen shekarun 1970 bisa zargin danne gasa. Keken asibitin da aka saba gani a ko'ina a duniya a yau jikan wannan samfuri ne.

Yaƙi, laka da wasanni

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawan waɗanda suka ji rauni a laka ba sa daɗewa a raye. Gyambon kwanciya da cututtukan mafitsara da ƙoda ne ke kashe su cikin makonni ko watanni. A watan Fabrairun 1944 likita Ludwig Guttmann, Bayahuden da ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Ya sa a riƙa juya majiyyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, ya tsaurara tsabta wajen fitar da fitsari, sabon maganin fenisilin kuma ya taimaka. Mutanen da a da ake jiran ajalinsu sai suka rayu, kuma matasa ne masu son aiki da aure da fita gari.

Guttmann ya ɗauki wasa a matsayin magani. Ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik ta Landan, mutum 16 a kan kekuna suka yi gasar harbin kibiya a harabar asibitin. Abin ya girma shekara bayan shekara, har a 1960 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka hallara a birnin Rum, taron da ake ƙirgawa a matsayin gasar nakasassu ta duniya ta farko. Daga nan 'yan wasa suka zama masu gwada kekuna, suna yanke abin da bai da amfani, suna neman sauƙi da sauri.

Shigowar lantarki

Keken hannu bai da amfani ga wanda raunin ya kai wuyansa, hannayensa ma suka mutu. A Kanada, John Counsell, hafsan sojan da aka harba a baya a farmakin Dieppe na 1942, ya matsa wa hukumomi su nemi mafita. Aikin ya faɗa hannun George Klein na Majalisar Bincike ta Ƙasa da ke Ottawa. A farkon shekarun 1950 Klein da abokan aikinsa suka sa wa keke injin lantarki biyu, kowace babbar taya da nata, da batir a ƙarƙashin mazauni, da wata 'yar sanda ta tuƙi da ake karkatarwa da yatsu. Idan injinan biyu suka juya daidai, keke ya miƙe. Idan ɗaya ya fi ɗaya sauri, ya karkata. Idan ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, ya juya a inda yake. Kanada ba ta killace fasahar ba, kuma a 1956 Everest & Jennings ya fara sayar da keken lantarki da yawa.

Muhimmancin wannan tsari ya wuce abin da aka gani a lokacin. Tun da umurnin mai zama ya koma saƙon lantarki mai bin waya zuwa inji, ana iya aika shi da kowace gaɓa da ta rage tana motsi: haɓa, ko kai, ko ƙafa, ko numfashi. A farkon shekarun 1960, a Stoke Mandeville, Reg Maling ya ƙera na'urar da ake sarrafawa ta hanyar hura iska ko zuƙarta a wani siririn bututu, dabarar da daga baya aka ɗora a kan kekuna. Haka kuma ana iya dasa kwamfuta a tsakanin sandar tuƙi da injin, kuma a nan ne duk kekunan zamani masu basira suka samo asali.

Keken lantarki ya fito da masu shi kan titi, titin kuma ya nuna gazawarsa. Ed Roberts, wanda shan inna ya shanye masa jiki tun yana ɗan shekara 14, ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1962 yana kwana cikin na'urar taimakon numfashi. Abokansa nakasassu suka kafa cibiyar zaman dogaro da kai a 1972, wadda cikin ayyukanta har da gyaran kekuna, suka kuma matsa aka fara sassaƙe bakin titi domin keke ya hau ya sauka. A watan Maris na 1990 masu zanga-zanga suka bar kekunansu suka hau matakalar majalisar dokokin Amurka da rarrafe, a watan Yulin shekarar kuma aka sa hannu kan dokar kare haƙƙin nakasassu ta ƙasar.

Sauƙin nauyi

Keken hannu ma bai tsaya cik ba. A 1975 Bob Hall ya kammala tseren dogon zango na Boston a kan keke cikin ƙasa da awa uku. A 1978 Marilyn Hamilton ta faɗo daga jirgin fiffike marar inji a Kalifoniya, ta ji rauni a laka, aka ba ta keke mai nauyin fiye da kilo 20. Ta nemi abokanta biyu, Jim Okamoto da Don Helman, masu ƙera irin waɗancan jirage, su yi mata wani da bututun alminiyam. Abin da suka fitar, mai suna Quickie, nauyinsa kusan rabin na da ne, ana iya matsar da tayoyinsa gaba ko baya gwargwadon jikin mai shi, kuma an yi masa fenti mai haske maimakon launin kayan asibiti. Daga nan aka fahimci cewa keke abu ne da ake aunawa a jikin mutum. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Yamaha na Japan ya ƙara wani mataki: ƙaramin inji a cibiyar taya, da na'urar da ke auna ƙarfin da hannu ya sa a kan zobe ta ninka shi, abin da ke rage lalacewar kafaɗa ga wanda ya shekara da shekaru yana turi.

Keke mai gani

Tuƙa keken lantarki ba kowa ke iyawa ba. Wanda hannunsa ke karkarwa, ko ganinsa ya raunana, ko ciwon ƙwaƙwalwa ya rage masa saurin yanke shawara, yana iya bugun bango, ko ya take ƙafar mutum, ko ya faɗa rami da keken da nauyinsa ya haura kilo 100. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2000, wanda aka yi a tsakanin ma'aikatan lafiya masu koyar da tuƙin, ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 10 da aka koya wa suna samun matuƙar wahala ko ma gazawa wajen amfani da keken a harkokin yau da kullum, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna fama da karkatarwa a matsattsen wuri.

Tun a shekarun 1980 masu binciken mutum-mutumi suka lura cewa keken lantarki ya riga ya mallaki inji da batir da tayoyi, ido da ƙwaƙwalwa kawai ya rasa. A Jami'ar Edinburgh ta Sikotilan aka yi wa yara masu tsananin nakasa keken da ke tsayawa da zarar ya taɓa wani abu, yana kuma iya bin layin da aka shimfiɗa a daɓe daga ɗaki zuwa ɗaki. A Jami'ar Michigan, a shekarun 1990, aka ƙera NavChair, wanda aka jera wa na'urori masu aika sautin da kunne ba ya ji, su auna lokacin da amsa-kuwwarsa ta ɗauka kafin ta dawo, da haka su gane nisan abin da ke gaba. Holly Yanco ta yi aiki a kan wani keke mai suna Wheelesley a Massachusetts, a Jamus kuma aka gwada wani mai suna MAid cikin cunkoson tashar jirgin ƙasa ta birnin Ulm.

Waɗannan gwaje-gwaje sun fito da wata matsala da ba a zata ba. Keken da aka koya wa gudun cikas yakan ƙi shiga ƙofa, domin yana ɗaukar dogaran ƙofar biyu a matsayin haɗari, yakan kuma ƙi matsawa kusa da tebur alhali mai shi abinci zai ci. Masu NavChair sai da suka ware masa yanayi uku: na kauce wa cikas, na bin bango, da na ratsa ƙofa. Bayan haka, mutanen da suka sha wuya kafin su sami ikon kai kansu inda suke so ba sa maraba da na'urar da za ta ƙwace ikon. Daga nan aka tsaya a kan tsarin raba tuƙi, wanda ya yi kama da abin da ke tsakanin mahayi da dokinsa: mahayi ke zaɓar inda za a nufa, doki kuma ke lura da inda zai sa kofato.

Kusan shekara 30 waɗannan kekuna suka yi a ɗakunan bincike. Na'urar sauti takan ruɗe a gaban gilashi da bango mai santsi, ba ta ganin rami, masu aiki da hasken leza kuma suna da tsada. Abin da ya sauya lissafi shi ne wayar hannu da motocin zamani, waɗanda suka sa kyamara da na'urar rada da batirin litiyam suka yi araha. A 2020 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Barry da Jered Dean, suka fitar da LUCI, na'urar da ake ɗaurawa a jikin keken lantarkin da mutum yake da shi. Tana rage gudu idan an tunkari mutum ko bango, tana tsayawa a bakin matakala ko rami, tana kuma aika saƙo idan keken ya kife. A shekarar ce kuma kamfanin WHILL ya fara aiki da kekuna masu tuƙa kansu a filin jirgin sama na Haneda da ke Tokyo: fasinja ya zaɓi ƙofar jirginsa a allo, keken ya kai shi, sannan ya koma mazauninsa ba kowa a kai.

Matakala da tsayuwa

Matakala ita ce babban shingen da taya ta kasa tsallakewa. Dean Kamen, wani mai ƙirƙira Ba'amurke, ya nuna iBOT a 1999 tare da kamfanin Johnson & Johnson, hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka kuma ta amince da shi a 2003. Yana da tayoyi biyu-biyu a kowane gefe waɗanda ke iya kewaya juna, ta yadda ɗaya za ta hau tudun matakala ta gaba yayin da ɗayar ke riƙe da nauyi. Yana kuma iya miƙewa a kan tayoyi biyu kacal, na'urorin auna karkata suna sanar da kwamfuta, ita kuma tana gyara tsayuwar sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan ya ba mai zama damar yin magana da mutane ido da ido, da ɗauko kaya daga kanta mai tsawo. Kuɗinsa ya kai dala 25,000 ko fiye, inshorar lafiya ta gwamnati ta ƙi biyan mafi yawansu, aka daina ƙera shi a 2009. Ya dawo kasuwa a 2019 ta hannun kamfanin Mobius Mobility. Labarinsa ya zama darasi a wannan fage: na'ura tana iya cin nasara a ɗakin gwaji ta faɗi a wurin biyan kuɗi.

A Suwizalan ɗaliban jami'ar fasaha ta Zurich sun bi wata hanyar. Kekensu, wanda ya zama Scewo, yana tafiya a kan tayoyi biyu a fili, idan ya iso matakala kuma sai ya sauke bel ɗin roba mai haƙora irin na tankar yaƙi ya hau da baya, mazaunin yana nan a miƙe. Jami'ar ce ta shirya gasar Cybathlon a 2016, inda nakasassu da injiniyoyinsu ke fafatawa a kan matakala da gangare da ƙofofi da ƙasa mai gargada. A Indiya kuwa, cibiyar fasaha ta Madras ta fitar da Arise a 2019, keken da ke tsayar da mai shi da ƙarfin hannunsa da taimakon sifirin mai iska, ba batir ba inji, a kan kusan rupee 15,000, kuɗin Indiya. Tsayuwa tana rage gyambon zama, tana taimakon jini da hanji da ƙashi.

Hannu, harshe da tunani

Isa wuri rabin bukata ne, domin wanda hannayensa ba sa aiki yana son ya buɗe ƙofa, ya ɗauki kofi, ya ci abinci. A Holan aka ƙera hannun ƙarfe mai suna MANUS da ake ɗaurawa a gefen keke tun wajajen 1990. A Montreal ta Kanada, Charles Deguire, wanda kawunnansa uku ke fama da ciwon shanyewar tsoka, ya kafa kamfanin Kinova a 2006 tare da abokinsa, suka fitar da JACO, hannu mai gaɓoɓi shida da yatsu uku, wanda ake sarrafawa da sandar da ake tuƙa keken da ita.

Hanyoyin ba da umurni ma sun yawaita. Akwai kyamarar da ke bin ƙwayar ido, mai zama ya kalli kibiya a allo keke ya bi. A cibiyar fasaha ta Georgia, Maysam Ghovanloo ya sa ɗan maganaɗisu a kan harshe, na'urori a gefen kumatu suna karanta motsinsa, kuma gwajin da aka buga a 2013 ya nuna ya ninka bututun hurawa sau uku wajen sauri. A 2009 kamfanin Toyota da cibiyar bincike ta RIKEN a Japan suka nuna keken da ake tuƙawa da hula mai karanta lantarkin ƙwaƙwalwa. A 2022 ayarin masu bincike na José del R. Millán ya horar da mutum uku masu shanyewar hannu da ƙafa na tsawon watanni: su raya a zuci cewa suna motsa hannaye domin juyawa ɓangare ɗaya, ko ƙafafu domin ɗaya ɓangaren. Biyu daga cikinsu sun ratsa ɗaki mai cike da kaya a wani asibiti a Jamus. Hanyar tana da jinkiri da gajiyarwa, shi ya sa take dogara da tsarin raba tuƙi.

Ƙafafun ƙarfe

Wani reshe na binciken ya nufi tayar da mutum ya taka da ƙafafunsa. A ƙarshen shekarun 1960 Miomir Vukobratović ya fara gwada ƙwarangwal na ƙarfe mai inji a birnin Belgrade. Amit Goffer, injiniya ɗan Isra'ila da ya shanye a hatsarin 1997, ya ƙirƙiro ReWalk, wanda ake ɗaurawa a ƙugu da cinya da ƙwauri. Idan mai shi ya ɗan sunkuya gaba, sai inji ya jefa ƙafa. Da shi Claire Lomas ta kammala tseren dogon zango na Landan a 2012 cikin kwana 17, a 2014 kuma Amurka ta amince a yi amfani da shi a gida, a kan kuɗi kusan dala 70,000. Wani ƙwarangwal mai suna HAL, na Yoshiyuki Sankai a Japan, yana karanta raunanan saƙonnin jijiya daga fata ya ƙarfafa su. A 2024 Kevin Piette ya ɗauki wutar Olamfik a Faransa sanye da na kamfanin Wandercraft, wanda ke daidaita kansa ba tare da sandunan dogarawa ba. Waɗannan na'urori sun fi amfani a ɗakin gashi da motsa jiki. Wajen sauri da nisa da araha, keke yana gaba da su nesa ba kusa ba.

Inda hanya ba kwalta

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 ke bukatar wani kayan taimako, kamar keke ko tabarau ko na'urar ji, kuma kusan biliyan ɗaya ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 kacal na mabukata ke samu. Kekunan asibiti da ake rabawa kyauta sukan lalace cikin watanni a kan hanyar ƙauye: ƙananan tayoyin gaba su nutse a yashi, boris ya ci ƙura, ba kayan gyara. Keken da ba a auna shi da jikin mutum ba, kuma ba kushin mai kyau, yana iya jawo gyambon da zai kai ga rasa rai. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2008, ta sabunta su a 2023, inda ta ce ba da keke aiki ne mai matakai huɗu: zaɓe, daidaitawa a jiki, koyarwa, da bibiya.

Ralf Hotchkiss, injiniyan da shi ma yake kan keke, ya fara aiki da nakasassun Nikaragwa a shekarun 1980, a 1989 kuma aka kafa cibiyar Whirlwind a San Francisco. Kekensu RoughRider yana da dogon jiki da ke hana kifewa gaba, da faffaɗar tayar gaba ta roba, da kayan da kowane mai gyaran keke ke da su. Amos Winter na cibiyar fasaha ta MIT, bayan ya yi nazari a Tanzaniya, ya ƙera keke mai dogayen sanduna biyu da sarƙar keke: a kama sama a sami ƙarfin hawan tudu, a kama ƙasa a sami gudu.

A arewacin Nijeriya, inda shan inna ya bar dubban mutane da shanyayyun ƙafafu kafin a tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, keken hannu mai tayoyi uku shi ne abin hawan da ya fi karɓuwa. Masu walda ke haɗa shi da bututun ƙarfe da tayoyi da sarƙa da feda na keken hawa, a ɗora fedar a sama inda hannu zai kai, bisa dabarar da Farffler ya fara. A Kano ƙungiyar waɗanda suka tsira daga shan inna, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera shi, a Jos kuma cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan ta raba dubbai kyauta. Yana cin dogon zango zuwa makaranta ko kasuwa, ana gyara shi a kowace unguwa, sai dai tsawonsa yakan hana shi shiga aji ko banɗaki.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006 ta ɗora wa gwamnatoci nauyin sauƙaƙa samun kayan zirga-zirga masu inganci a farashin da za a iya biya. Dokar Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shigar keke. Fasahar mutum-mutumi ta buɗe ƙofa ga waɗanda ko ɗan yatsa ba sa iya motsawa, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma ga mafi yawan mutum miliyan 80 da ke bukatar keke, abin da zai sauya rayuwarsu shi ne keken da ya dace da jikinsu, da mai gyara a kusa, da makaranta da asibiti da masallaci da kasuwa waɗanda taya za ta iya shiga.